Zuma a Tukunyar Birkin Zaki

Na rantse da ramin kakana, ba za ku yarda da wannan labari ba. Amma ku gyara zama, ga ta nan daga bakin mai ita.

Ni ne Kurege. An kai ni koyon kanikanci, ban kai ga yaye ba maigidana ya kore ni, wai na fi sanin inda ake ɓoye abinci a kan inda ake ajiye sifana. Yunwa ta ci ni ta cinye. Sai na shafe jikina da baƙin mai tun daga kunne har ƙafa, na rataya tsohuwar taya a gindin tsamiya bakin hanyar dawa, na zama Injiniya Ɗan Ikko.

Kura ce ta fara zuwa da motarta ta dakon ƙashi, ta ce juyen baƙin mai take so. Na buɗe gaban mota, na zaro sandar awon mai, na sansana, na girgiza kai kamar an yi mini rasuwa. Na shaida mata baƙin mai ya zama tsohon yayi, injin zamani man gyaɗa yake sha, da ƙuli-ƙuli don tacewa. Ta kawo galan guda. Na ce ta tafi sai la'asar, inji yana jin kunyar cin abinci a gaban mai shi. Na shanye man, na tauna ƙuli, na bar mata tsohon manta yadda ta kawo shi. Ta tafi tana yabo, wai har kukan motar ya yi laushi.

"Ni ne Ɗan Ikko," na ce da tsamiya, "wanda ya yi wa jirgin sama faci yana tafe!"

Da gari ya waye sai ga Giwa, ta cusa kanta a wata 'yar ƙaramar mota, hanci ta taga. Motar na zafi. Na ce lagireto ne ya gaji da tsurar ruwa, kunun gyaɗa yake marmari, da ƙosai a toshe inda yake yoyo. Ta kawo, na narka wa cikina. Ranar sai mirgina ni iska ta yi zuwa gida.

Da gari ya waye Zaki ya faka, birkinsa na ƙara. Na ce sai zuma, farar saƙa. Ya aika aka kawo. Na karanta masa batun kunyar inji, ashe shi irin masu motar nan ne da ba sa matsawa ko nan da can. Ya ja benci, ya zauna.

"Zuba ina gani."

Na tuttula zuma a tukunyar birki, hawaye na zuba, na ce hayaƙi ne. Zuciya ta ƙi haƙura. Na ce sai na shiga ciki na saurara ko zumar ta isa ƙafafu huɗu, ya rufe ni, kada ya kuskura ya taɓa makulli.

Ina cikin lasa, kai ya shige tukunya har wuya, na ji ana turo motoci. Kura ce da Giwa: injin wannan ya buga, na waccan ya dahu. Kura ta durƙusa ta gaishe da Zaki, ta tambayi ina Injiniya yake. Ya ce yana ciki yana sauraron zuma.

"Ranka ya daɗe," in ji ta a hankali, "ai ba a jin inji a kashe. Ba ta wuta ka taimake shi."

Ya murɗa makulli. Fanbel ya cafki jelata, ya yi ta wulwula ni, fanka na yi mini aski kyauta, har aka tofo ni ta ƙarƙashi, ba baƙin mai ba gashi. Zaki ya ɗora mini hannu, Giwa ta ce a biya ta lagireto da fatata. Suna gardamar wa zai fara, santsin zuma ya fitar da ni. Na bar musu rabin jela a fanbel, su raba.

Ina ɗingishi har yau. Amma a tambayi Zaki tsakani da Allah: tun ranar, ya sake jin birkin nan ya yi ƙara? Ina zai yi, motar ko tashi ba ta yi. Aiki in na Ɗan Ikko ne, sau ɗaya ake yin sa.

Ƙurunƙus, kan tsohon fulogi.