Bencin Bayan Ginshiƙi

Akwai wani dattijo a majami'ar da na girma a cikinta, kowa Baba Mai Ƙofa yake ce masa, har 'ya'yan cikinsa. Ya fi shekara talatin yana tsayawa a bakin ƙofa kowace Lahadi, da farar rigarsa wadda guga ta cinye wa wuya, da littattafan waƙa a hammata.

A wancan zamanin ba fanka, ba lasifika. In ruwan sama ya sauko a kan kwanon rufi, sai Fasto ya rufe littafinsa mu kama waƙa har a ɗauke. Gaskiya ina kewar wannan lokacin.

Da ka shiga, ta hannun hagu, bayan wani ƙaton ginshiƙi, akwai wani tsohon benci mai cin mutum huɗu. Ƙafarsa ɗaya gajera ce, an tokare ta da guntun katako. Wannan bencin Baba ne da ikonsa, kuma yana da doka. Wanda ya zauna a kai ba a tambayarsa suna, ba a ce masa ya matsa gaba, ba a tashe shi lokacin gaisuwar baƙi.

Masu zama a kai sukan shigo ne bayan waƙar farko, su fita kafin addu'ar sallama. Matar da aurenta ya mutu tana jin nauyin idon mutane. Wanda dattawa suka sa a horo. Direban da ya sauka daga doguwar tafiya, rigarsa duk baƙin mai. Wanda bai taɓa shiga majami'a ba, yana so ya ji abin da ake faɗa a ciki.

Mu yara, in mun waiwaya don gulma, sai Baba ya zare mana ido.

“Kai, daga baya ake wa'azin?”

Nan take wuyanka zai miƙe.

To, a cikin ikilisiyar akwai wata uwa mai ɗinki, muna kiranta Mama Tela. 'Ya'yanta biyu maza. Babban shi ne Mai Jita, wanda in ya taɓa tsirkiya har tsofaffi sai sun gyaɗa kai. Giya ce ta yi masa illa. Wata Lahadi ya zo a buge, ya faɗi a gaban jama'a da jitar a wuyansa. Aka sa shi a horo, kunya ta hana shi zama, ya bar garin. Shekara goma sha ɗaya ba labari. Ko da mahaifinsu ya rasu ba a gan shi ba.

Mama Tela ta yi ta kuka har ta gaji. Idonta ya soma mutuwa, ta ajiye keken ɗinki. Duk ranar addu'ar zumuntar mata roƙonta ɗaya ne: “Ku roƙa mini Ubangiji in taɓa yaron nan kafin in tafi.”

Ƙaramin ɗan shi ne Injiniya. Ya tafi karatu ya dawo da ilimi cike da kai, da ɗan girman kai a samansa. Ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da in sun san abu, sai su ɗauka kowa bai san komai ba. Shi ya kawo shawarar a riƙa haska sujadar Lahadi kai tsaye ta waya, domin bishara ta kai har ƙarshen duniya. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, kullum yana cewa a ransa, wataƙila yayana ya gani daga inda yake.

Aka kafa kyamara biyu, ɗaya tana kallon bagadi, ɗaya tana kallon jama'a. Abin ya yi albarka, ba zan ɓoye ba. 'Yan'uwa da suka yi nisa suka riƙa aiko da gaisuwa, marasa lafiya suna bin sujada daga kan gado.

Ana cikin haka, wata Lahadi bayan waƙar farko, wani mutum ya tsaya a ƙofa. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, furfura ta fara. Baba ya dube shi sau ɗaya ya gane Mai Jita ne.

“Baba,” ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “don Allah kada ka gaya wa kowa. Ko Mama. Ban shirya ba tukuna.”

Baba ya miƙa masa littafin waƙa, ya nuna masa bencin da haɓa. “Ni aikina ƙofa. Zauna, ɗana.”

Lahadi shida a jere yana zuwa. Ginshiƙin ya tare shi. Daga nan yana hango ƙeyar mahaifiyarsa a layin gaba, yana hango ƙaninsa a gefe cikin wayoyi, da abin ji a kunne. Kafin addu'ar sallama sai ya sulale. A Lahadi ta shida ya ce wa Baba, “Na kusa. Ka ƙara mini haƙuri kaɗan.”

A makon ne Injiniya ya kawo ƙorafi gaban taron dattawa. Ya ce layin gaba yana fita wayam a hoto, mutane suna maƙalewa a baya kamar an kore su. Ya ce daga yanzu 'yan tarba matasa su riƙa kai duk wanda ya shigo har gaba, a cika daga can. Sannan ya zo kan bencin.

“Wannan gurgun bencin kuma a fitar da shi. Gefensa yana leƙowa a kyamara, yana ɓata mana hoto. Duniya ce fa take kallonmu.”

Baba ya ɗaga hannu. “Ɗana, a bar bencin nan. Yana da masu shi.”

“Su wa, Baba? Kawo suna ɗaya.”

Baba ya dube shi. Sunan yana kan harshensa, kuma da ya faɗa da an gama magana. Amma ya yi alkawari.

“Ba ni da suna,” ya ce.

Injiniya ya yi dariya. “To kun ji. Mu muna maganar dubban mutane a ƙasashen duniya, Baba yana maganar katako. Da girmanka, Baba, ka yi aikinka, Allah ya saka. Yanzu zamani ya wuce nan.”

Wasu dattawan suka sunkuyar da kai, amma ba wanda ya ce uffan. Har yau in na tuna shirun nan raina yana ɓaci. Aka yi wa Baba godiya mai daɗi, aka ba shi kujerar roba a gaba kusa da dattawa. Bencin kuma aka jefa shi bayan majami'a, inda ake tara karyayyun kaya.

Lahadi ta zo. Baba ya ƙi kujerar gaba, ya tsaya nesa kaɗan da ƙofa. Bayan waƙar farko sai ga Mai Jita. Kafin Baba ya ƙaraso da ƙafarsa mai ciwo, wata budurwa cikin sababbin 'yan tarba ta riga ta tare shi da fara'a.

“Sannu da zuwa, Yallaɓai! Baƙo ne? Bismillah, ga wuri can gaba. Anjima za ka tashi ka gaya mana sunanka.”

Mai Jita ya dubi bayan ginshiƙi, ya ga ƙasa fayau. Ya ɗaga kai ya ga idon kyamara a kansa. Ya juya ya fita da sauri. Baba ya bi shi har titi yana kira, amma ina! Ya riga ya shige cikin mutane.

Baba bai yi wa kowa faɗa ba. Washegari ya je ya jawo bencin daga cikin tarkace, ya kankare kashin tsuntsaye, ya buga masa ƙusa biyu. Ya ajiye shi a waje ƙarƙashin taga, inda kyamara ba ta kaiwa. Kowace Lahadi yana zaune a gefe ɗaya, littafin waƙa a ɗaya gefen. Rana ta duke shi, ruwa ya jiƙa shi. Matasa suna wucewa suna cewa tsohon ya yi fushi ne don an karɓe masa ƙofa. Shi dai ya ci gaba da zamansa.

Mako biyar ba wanda ya zo.

Wata Talata da hantsi, Injiniya yana ofishin majami'a yana duba tsofaffin hotunan sujada, zai yanko masu kyau don bikin cika shekara. Sai ya zo kan waccan Lahadin da aka fara aiki da sababbin 'yan tarba. Can a ƙarshen hoto, ga wani mai gemu a ƙofa, bai fi daƙiƙa huɗu ba. Har zai wuce, sai idonsa ya sauka a kan hannun mutumin na hagu. Mawaƙa suna waƙa, yatsun mutumin suna tafiya a kan cinyarsa, suna danna tsirkiyar da babu ita.

Mutum ɗaya ne a duniya yake haka. Yana yi a kan tebur, yana yi a kan keken ɗinkin Mama, yana yi a kan ƙeyar ƙaninsa suna yara.

Injiniya ya maimaita wurin ya fi sau ashirin. Ya ga yadda mutumin ya dubi bayan ginshiƙi, ya ga yadda ya juya. Ko ofis bai rufe ba, ya fita a guje sai gidan Baba.

Ya same shi a tsakar gida yana shafa wa gwiwarsa magani.

“Baba, Yaya ne! Yaya ne ya zo!”

“Shi ne.”

“Ka sani? Tun yaushe?”

“Lahadi shida ya yi a bencin nan kafin a fitar.”

Injiniya ya zauna a ƙasa daɓas. “Me ya sa ba ka faɗa ba ranar taro? Na ci mutuncinka a gaban mutane, ka yi shiru!”

“Da na faɗi sunansa, ɗana, wa zai sake yarda ya zauna a bencin? Kai ma wata rana kana iya bukatarsa.”

Injiniya ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. “Saboda shi na kafa kyamarorin nan, Baba. Ina nemansa a bangon duniya, ashe yana bayana, ni na kore shi da hannuna.”

Baba ya dafa kansa. “Share hawayenka. Abin naka ba banza ba ne. Ba ka ce yana kaiwa ko'ina ba? To, aike shi.”

Lahadi da sassafe mutane suka ga abin mamaki. Injiniya da kwat ɗinsa, ɗauke da gurgun benci a ka, ya shigo da shi ya ajiye bayan ginshiƙi. Ya durƙusa ya tokare ƙafar da guntun katako. Kafin a fara sujada ya juya kyamara ta haska bencin, ba kowa a kai, ya ɗauki makirufo.

“Wannan bencin ni na fitar da shi, na yi kuskure. Ya dawo wurinsa. Daga yau kyamara ba za ta sake kallon nan ba. Duk mai shi, ya zo ya zauna.”

Ya kawar da kyamarar, ya kama hannun Baba ya mayar da shi bakin ƙofa.

Mama Tela ido ne ba ta da shi, amma kunnenta ras yake. Da suka koma gida ta ce, “Auta, muryar da ka yi magana da ita yau ba ta baƙo ba ce. Yayanka ne, ko?” Bai iya yi mata ƙarya ba.

Daga ranar ta bar layin gaba. Ta je ta ce wa Baba, “Ni ma a ba ni gefe.”

Baba ya ce, “Mama, kin san dokar wurin nan. Ba tambaya, ba waiwaye.”

“Waiwaye da wane idon?” ta ce. Baba ya yi dariya har da tari.

Lahadi ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. A ta uku, bayan waƙar farko, bencin ya ɗan motsa, wani ya zauna a ɗaya ƙarshen. Mama Tela ba ta juya ba. Mawaƙa suka ɗauki waƙa ta biyu, sai ta ji katakon yana amsawa a ƙarƙashinta a hankali, yatsu suna danna shi.

Ta lalubo da hannunta a kan bencin har ta kai ga yatsun, ta rufe su da tafinta. Mutumin ya sandare. Kafaɗunsa suka fara rawa.

Ta kiyaye doka, ba ta tambaye shi inda ya shiga shekara goma sha ɗaya ba. Ta matso kusa da kunnensa ta ce, “Ka rame. In an tashi, sai gida.”

Ranar Mai Jita bai fita kafin addu'ar sallama ba. Can gefe cikin wayoyi, Injiniya ya san abin da ke faruwa, don ya ga Baba yana share ido da hannun riga. Wuyansa har ciwo yake don son waiwaye, amma bai waiwaya ba sai da aka ce amin.

Baba Mai Ƙofa ya huta shekarun baya. Majami'ar ta canza, an sa tayil, an sa fankoki, ana kallon sujadarta a ƙasashen da ban san sunansu ba. Amma in ka shiga ta hannun hagu, bencin yana nan da gurguwar ƙafarsa. Wanda yake tsaye a ƙofa yanzu wani mai gemu ne da furfura, da littattafan waƙa a hammata. Ba ya tambayar kowa suna.

Darasi: Kai bishara nesa abu ne mai kyau, amma kada hangen na nesa ya sa ka ture wanda ya lallaɓo har bakin ƙofarka da kunyarsa. Kada kuma ka raina abin da dattijo ya riƙe don kawai bai gaya maka dalili ba, wataƙila amanar wani yake tsarewa. Ka tura wa 'yan'uwa wannan labarin, domin wani yana can yana jira ya ji cewa har yanzu akwai wurin zamansa.