Tafasasshen Ruwa a Kufan Gwarandam

A wani zamani mai nisa, tun mutane da aljannu suna maƙwabtaka kowa ya san iyakarsa, an yi wani sarki a Birnin Tsangarwa ana ce masa Nomau. Yana da ɗa guda mai suna Mantau, jarumin da ba a ja masa a fagen fama, sai dai akwai shi da garaje. Da tsufa ya kama sarkin nan sai kogin da garin ke sha ya ƙafe, shanu suka shiga faɗuwa, mata na haƙar yashi har kafaɗa ba su samun ko laima. Masana suka ce idon kogin yana bisa Dutsen Gwarandam, cikin kufan birnin kakanninsu, wani ƙasurgumin maciji ne ya naɗe a kai ya toshe shi. Sarkin ƙasar da ke kudu da su, wanda shi ma farin ya addabe shi, ya aiko cewa duk wanda ya saki ruwan ya ba shi 'yarsa, Gimbiya Lantana.

Mantau ya yi ɗamara da abokansa biyu, Anaruwa maharbi da Cindo ɗan Sarkin Maƙera, waɗanda ya tashi tare da su tun suna wasan ƙasa. Ranar fita, Sarkin Maƙera ya bi su har ƙofar gari yana ta gyara wa ɗansa linzamin da babu abin da ya same shi.

Ya ce, "Yarima, shi kaɗai gare ni. Kuma ba ya son sanyi."

Cindo ya ce, "Haba Baba, koma mana, 'yan mata na kallo!"

Suka keta hamadar da rairayinta ke kuka kamar garaya in iska ta taso, har leɓunansu suka tsattsage. Suka ratsa birnin matsafa, inda ake sayar da inuwar mutum a kasuwa, ana ɗura guguwa a gora, tsuntsayen tagulla na shela a kan ganuwa. Da babban bokan birnin ya tare su, Anaruwa ya harbe layar da ke wuyansa, sihirinsa ya warware, suka wuce. Cindo ne mai yi musu girki a hanya, kullum Anaruwa na tsokanarsa da cewa tuwonsa ya fi uwar maƙera tauri, shi kuma ya ce, "To ka harbo mana mai laushi."

Da suka hau Gwarandam suka iske kufai abin al'ajabi: soraye na farin dutse rufinsu ya rufta, rijiyoyi masu matakala, turaku na dawakin da suka daɗe da zama ƙasa, kukoki sun tsiro a tsakiyar fada. Macijin ya taso musu, kansa kamar rumbu. Aka gwabza tun hantsi har rana ta yi sanyi, Anaruwa ya makantar da shi da kibiya, Cindo ya danne wutsiyarsa da sarƙa, Mantau ya sare kan. Nan take ruwa ya ɓalle yana gangarawa da rugugi.

Magariba ta kawo jiki, Cindo ya hura wuta ya ɗora tukunya, ya tafi ɗebo itace. Mantau, murna ta cika shi, yana son ya gasa nama a kan garwashin, sai ya sauke tukunyar ya watsa tafasasshen ruwan a bakin wani soro, ba bisimilla, ba gafara ga masu wuri, abin da ko yaron goye an hana shi a Tsangarwa.

Wata ƙara ta tashi wadda ta tsinka zukatansu. Ƙasa ta tsage, Zarƙamu sarkin aljannun dutsen ya fito, rundunarsa na bayansa, rungume da ɗansa wanda fatar bayansa ta saluɓe.

Ya ce, "Ya ku bil'adama, kun shigo gidana ba sallama, na ƙyale ku. Kun kashe macijin da ya dame mu, na gode muku. Ɗan nan nawa fitowa ya yi ya ga jarumai, ga tukuicin da kuka ba shi. Ƙunar aljani ba ta warkewa sai bayan tsawon rayuwar mutum. Wanda ya zuba ruwan zai zauna ya yi jinyarsa har ya warke, in kuwa kun ƙi, in mayar da idon ruwan nan dutse har abada."

Mantau ya dafa ƙotar takobinsa, ya duba ya ga babu abin da sara zai gyara. Kafin ya buɗe baki Cindo ya yar da itacen ya matso.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na hura wutar, ni na dafa ruwan. Ni ɗan maƙera ne, maganin ƙuna gadonmu ne. Ni zan zauna."

Zarƙamu ya zuba wa Mantau ido, ya daɗe yana jira. Mantau ya tuna gadon sarauta, ya tuna Gimbiya, ya sunkuyar da kai. Cindo ya yi murmushi ya ce da Anaruwa, "Ka huta da tuwona." Ƙasa ta rufe a kan Cindo da aljannun.

Mantau da Anaruwa suka iso gida ruwa ya riga su. Aka yi kiɗa da guɗa, aka ɗaura auren Mantau da Gimbiya Lantana, Sarki Nomau ya yi murabus aka naɗa ɗansa. Da taro ya watse, sabon sarki ya tafi maƙera shi kaɗai, ya durƙusa cikin toka ya ba mahaifin Cindo labari kamar yadda Cindo ya faɗa wa aljani.

Sarkin Maƙera ya ajiye masaba ya ce, "Yaron da ko ruwan da muke kashe ƙarfe ba ya zubarwa sai ya ambaci Allah? Ranka ya daɗe, shi ya zuba?"

Mantau ya ce, "Ni ne, Baba."

 Tsohon ya ce, "Rabin maganin ƙuna na koya masa. Na ce sauran sai ya yi aure ya natsu. Kullum ina ganin akwai lokaci." Ya tashi ya shiga tattara saiwoyi da ƙulle-ƙulle a burgami, ya ɗauki bargo mai kauri ya ɗaure a bayan jakinsa.

Mantau ya ce zai haɗa shi da dakaru, shi ma zai bi shi. Tsohon ya girgiza kai.

"Zauna ka riƙe garin da ɗana ya saya maka. Ka riƙe shi da kyau, ya yi tsada."

Ya kora jakinsa ya bi bakin kogi ya nufi dutse, ba a sake ganinsa a Tsangarwa ba. Sarki Mantau ya daɗe yana mulki cikin adalci, ƙasa ta yi albarka, maroƙa na yi masa kirari da Kashe Maciji, amma duk ranar da aka yi kirarin a gabansa sai ya ɗaga hannu a yi shiru.

Iyakar abin da ya iso kunnenmu ke nan, saura Allah ne masani.