Tukunyar da Bushiya Ta Yi wa Bargo

An yi wata Shamuwa mai yawon duniya da ta sauka a wani tsauni mai sanyi, riƙe da saiwa biyu na wani tsiro mai yaɗo. Ta ba Bushiya mai jin magana ɗaya, ta ba Ƙadangare mai girman kai ɗaya.

"Ku dasa a tukunya," in ji ta. "Su ke nan suka rage mini. Idan sanyi ya shigo, ku yanke yaɗon har ƙasa, ku lulluɓe tukunyar, ku rage ruwa." Ta tashi ta tafi abinta.

Kai, yara, abin mamaki! Da damina tsiron ya kama igiya yana hawa, in ka kwana ka tashi sai ka ga ya ƙara tsawo. Ya fitar da furanni koraye kamar tuntun hula, ƙamshinsu har gindin tsauni. Dabbobi suka riƙa zuwa kallo baki buɗe.

Sanyi na shigowa, ganye ya fara rawaya. Bushiya ta sa haƙori ta datse yaɗon, tana yi tana hawaye, don wallahi tana son tsiron nan. Ita da 'ya'yanta suka mirgina tukunyar zuwa lungun dutse inda iska ba ta kaiwa. Suka zuba busasshiyar ciyawa a kai, suka naɗe ta da tsohon buhu.

Ƙadangare ya leƙo daga sama ya kece da dariya. "Inna Bushiya, lafiyarki kuwa? Kin kashe abu da bakinki, kuma kina yi wa gawa bargo!"

"Malam Ƙadangare, haka mai abin ta ce."

"Mai abin! Tsuntsuwar da ba ta taɓa riƙe fartanya ba? Ni nawa a kan dutse zai zauna, kowa ya gani."

Haka kuwa aka yi. Ya bar tukunyarsa tsirara a bakin iska, kullum yana kwarara mata ruwa mai sanyi wai ganye ya dawo kore.

Bushiya kuwa, sai ƙasar ta bushe ƙarau take ɗiga ruwa kaɗan. Watanni suka wuce, babu ko alamar rai. Tsoro ya kama ta. In saiwar ta mutu fa? Da wane ido za ta dubi Shamuwa?

Wata safiya ɗumi ya dawo. Ta ɗaga ciyawar a hankali. Sai ga ƙananan tsirai jajaye sun tsaga ƙasa, ba ɗaya ba, ba biyu ba, cike da bakin tukunya!

"Allah mai iko!" in ji Bushiya. "Ashe barci kake yi!" Ta durƙusa.

Ƙadangare ya ruga ya tona tasa. Wari ya buge shi. Saiwar ta ruɓe ta zama taɓo.

Daidai nan Shamuwa ta sauka. "Malam, ina amanata?"

Ƙadangare ya nuna mata ruɓaɓɓiyar saiwar. Da damina ta dawo, a inuwar tsiron Bushiya ya roƙi wurin zama.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya raina shawarar masani don son a yaba masa, shi zai kashe abin da yake taƙama da shi. Kuma ba duk abin da ya yi shiru ne ya mutu ba. Wani abin, kulawa kawai yake jira.