Kurciyar da Ba Ta da Mai Amshi

Ga ta nan, ga ta nanka, Yaya Talle. Kai ne mai cewa ta zo mu ji ta. Yau ni na ce wa kaina.

Tsuntsaye suka sa gasar waƙa, kowace ƙasa ta aiko mawaƙi da mai yi masa amshi. Kurciya ta zo ita kaɗai, don gobara ta cinye dajinsu, har da yayanta mai amsa mata.

Hankaka mai tsaron ƙofa ya ce, "Baiwar Allah, waƙa ba amshi ai kuka ce. Ƙasar da ba mai amshi, ba a kiran sunanta."

Ta ce, "Malam, in ba a kira yau ba, wa zai sake kira?"

"Ba ni na kafa dokar ba."

Sai ta ɗauko waƙar a bakin ƙofa. Da ta iso inda yayanta ke shiga, ta yi shiru. Can cikin taro tsohuwar Zabuwa ta amsa waƙar da muryarta mai kaushi, sannan ta ce wa Hankaka, "Kullum muna jin su daga tsallaken kogi. Buɗe mata."

Aka kira sunan ƙasar.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera. Ban ba kowa wannan ba tukuna, Yaya.