Idanun Malam Ilu

A wani zamani mai nisa, an yi wani sarki da makarantar 'ya'yan fada ta hana shi sukuni. Duk sa'ad da ya leƙa, sai ya tarar tsohon malaminsu, Malam Ilu, yana ta karatu, yara kuwa sun sunkuyar da kai yadda ladabin fada ya koya musu, rabinsu na gyangyaɗi cikin girmamawa. Ran nan sarki ya yi musu tambaya, ba wanda ya ce uffan. Ransa ya ɓaci, ya ce, "Na ba Malam kwana arba'in. In yaran nan ba su farka ba, a sallame shi."

Waziri Tanimu, wanda a hannun tsohon ya koyi baƙi, ya ji tausayinsa, ya same shi ya ce, "Allah gafarta Malam, an hana yaran nan ɗaga ido gaban babba, balle tambaya. Gobe ka ce idonka ya yi rauni, ka roƙe su su karanta maka."

Malam ya ce, "To."

Washegari ya ce, "'Ya'yana, ba na gani sosai. Wa zai ara mini idonsa?" Kuluwa, autar sarki, ta matso ta ɗauki littafin, ta fara karatu. Ta yi tuntuɓe a wata kalma, ɗan Galadima ya gyara mata, wani ya ce ba haka ba ne. Kafin azahar musu ya kaure, Malam sai tambaya yake, "Don me ka ce haka?"

Ranar arba'in, tun daga soro sarki ya jiyo hayaniyarsu. Ya yi tambaya ɗaya, ya sami amsa bakwai. Waziri ya bayyana masa dabarar, sarki ya yi dariya, ya miƙa littafi ya ce, "To Malam, wasa ya ƙare, karanta mana."

Tsohon ya karɓa, ya riƙe shi a juye. Hawaye suka zubo masa. "Ranka ya daɗe, shekara biyu ke nan ba na gani. Da ka nake karantawa. Tsoron sallama ya sa na ɓoye."

Kuluwa ta durƙusa ta ce, "Baba, ai mun sani. Tun bara yake riƙe littafi haka, kunya ta hana mu faɗa. Ka bar mana shi, mu ne idanunsa."

Sarki ya yi umarni a bar Malam a kan buzunsa iyakar ransa, kowane yaro kuma ya ɗaga kai a makaranta. Sannan ya zauna a tabarma cikin yara, ya ce Kuluwa ta ci gaba daga inda ta tsaya.