Reshen Marke a Mararraba ta Uku

Akwai wani mutum, manomi, wanda Allah ya yi shi da son sanin abu. In ya ga rami sai ya leƙa. In ya ji kukan tsuntsun da bai sani ba sai ya ajiye fartanya ya bi shi. Ba mugu ba ne, ba kuwa rago ba. Matarsa dai takan ce da a ce tambaya tana cika rumbu, da gidansu ya ciyar da gari.

Mutumin nan yana da wa, wanda ya koma da zama can bayan dutse. Wata damina wan ya zo ya kira shi gayyar noma. Tsakanin ƙauyukan biyu tafiyar rabin yini ce: a ratsa tsohon kurmi, a haye kwazazzabo, a hau doron dutse, sa'an nan a gangara. Shi da matarsa ba wanda ya taɓa bin hanyar.

Wan ya ce, "Zan riga ku da sassafe. Duk inda hanya ta rabu biyu, zan kashe muku wadda ba ita ba."

Al'adar mutanen wurin ke nan. Wanda ya yi gaba yakan karyo ɗanyen reshe ya gicciya shi a bakin hanyar da ba a so a bi. Na baya in ya ga ganye kwance, ya san an ce kada ya shiga. Ba a kuma tsallake reshen, gama suna ganin raini ne ga wanda ya sa shi.

Da hantsi mutumin ya saɓa fartanyarsa ya kama hanya. Matarsa ta tsaya ta ƙarasa dama kunun da 'yan gayya za su sha, ta ce za ta biyo shi da tukunyar.

Da ya shiga kurmin sai abin ya ƙayatar da shi. Ga maɗaci, ga kanya, itatuwan da suka girmi kakan kakansa, inuwarsu ta hana rana taɓa ƙasa. Ya tsaya ya gwada ɗaya da hannu, ya ga sai mutum huɗu za su kewaye shi. Ya yi ta tunanin wa ya dasa su, birai kuwa suna bisa suna kallonsa. A mararraba ta fari ya ga ganyen wansa, ya wuce. A ta biyu ma haka.

A ta uku ne ƙafarsa ta tsaya. Hanyar da aka kashe da reshen marke faffaɗa ce, sumul, ƙafafu sun tattake ta shekara da shekaru. Wadda aka bari a buɗe kuwa siririya ce, duk ƙaya, ta karkata ta yi gabas kamar ba kwazazzabon za ta ba.

Ya ce a ransa, "Me Yaya ya gani a nan? Bari in leƙa kawai in dawo."

Da yake shi mai ladabi ne, bai tsallake reshen ba. Ya sunkuya ya ɗauke shi da hannu biyu, ya ajiye a gefe cikin ciyawa, ya shiga.

Bai yi nisa ba sai ya ji rurin ruwa. Hanyar ta kai shi bakin kwazazzabo mai zurfi, inda aka gicciya itacen giginya ya zama gada. Ya durƙusa ya duba da kyau. Ruwan bana ya zaizaye ƙasar da ke riƙe da gindin itacen, cikinsa kuma gara ta cinye shi, sai ɓawo. Ya ce, "Ashe! Yaya ya yi gaskiya." Ya ji daɗi ƙwarai, irin daɗin wanda ya sami amsar tambayarsa.

Da ya ɗaga kai ya hango siririyar hanyar nan can sama, inda take haye ruwa a kan faffaɗan duwatsu. Ya ga komawa mararraba ɓata lokaci ne. Sai ya yanke ta gefen gaɓa, ya riski hanyar, ya haye lafiya. Reshen marke bai ko faɗo masa a rai ba.

Ya hau doron dutse yana haki, remaye suna tserewa cikin tsaga. Da ya kai bisa ya zauna ya huta, ya juya don ya ga inda ya fito. Daga nan kome a fili yake: ga kurmi, ga kwazazzabo, ga hanyoyin biyu. A kan faffaɗar kuwa ga wata mace da jan zane, tukunya a kanta, tana tafe ba ta ko waiwaye.

Nan take ya gane matarsa ce. Ya ƙwala kira, "Uwar Barnaba! Koma baya!" Iska ta kwashe muryar. Ya yar da fartanya ya gangara a guje, duwatsu suna yanka masa ƙafa.

Kafin ya kai gaɓa ta riga ta hau itacen. Taku uku ta yi, ya ɓare. Tukunya ta tafi cikin ruwa, ita kuwa Ubangiji ya yi mata jinƙai, ta faɗa kan wani dutse da ya fito a jikin gaɓar. Ya sauka da ƙyar ya hauro da ita, ƙafarta ta hagu a karye.

Ya ce da kuka, "Uwar Barnaba, ba ki ga itacen ya ruɓe ba?"

Ta ce, "Na gani, Maigida. Na ma ji tsoro. Amma na ga ganye a gefe, na ga sawunka ya shiga, ban ga ya fito ba. Na ce tun da ka haye, ni ma zan haye."

Ya goya ta ya haura dutsen da ita. Da suka isa, wan ya tarye su ya ce, "Kai, ban kashe hanyar nan ba?"

Ya ce, "Ka kashe, Yaya. Ni na raya ta."

An yi mata ɗori, ƙafar ta kama, amma da ɗingishi ta ƙarasa kwanakinta.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Reshen marke shi ne gargaɗin da muke samu cikin Maganar Allah, da kuma bakin waɗanda suka riga mu tafiya cikin bangaskiya. Son sani ba zunubi ba ne. Wanda ya yi kurmin nan da dutsen nan, shi ya ba mu ido mu duba mu yi mamaki. Da mutumin ya riƙe tambayarsa ya kai wa wansa, da ya sami amsa a zaune, da kunu a hannu.

Abin da yake damuna shi ne maganar da nake yawan ji, har daga bakin dattawan ikilisiya: "Ai leƙawa kawai na yi, kuma ba abin da ya same ni." Wani ya je wurin boka, wai don ya ji me zai ce. Wani ya zauna a gidan burkutu, wai gaisuwa ce ta kai shi. Na yarda, wataƙila ka fita ta gefe lafiya. Amma matarka, da ƙanenka, da sabon tuban da yake kallonka ba su ga fitarka ba. Shigarka suka gani, kuma don sun amince da kai ne za su taka abin da idonsu ya gaya musu ruɓaɓɓe ne.

In ka taɓa shiga irin wannan hanya Allah ya fisshe ka, aikinka bai ƙare ba. Koma mararraba, ko da za ka ji kunya. Buɗe baki ka ce, "Na bi nan, gadar ta ruɓe." Mai da reshen inda ka same shi.

Kafin ka fita daga ɗakin sujadar nan yau, waiwaya ka duba. Akwai mai tafe a bayanka da tukunya a kai, sawunka yake bi.