Shaddar Barau Tela

Ku matso kusa, yau akwai shari'a, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

Barau tela ne a unguwarmu, shekara talatin yana taka keken ɗinki. Ciwon huhu ya kayar da shi, har likitoci suka ɗora shi kan na'urar da ke yi wa mutum aikin zuciya da huhu, suka zura masa bututu ta cinyar dama. Kwana goma sha ɗaya, Allah ya tashi kafaɗarsa. Aka dawo gida ana murna, sai dai ƙafar dama ta ƙi ɗagowa, reto kawai take yi. Tela kuwa da ƙafa yake cin abinci. Barau ya ciro shaddar da ya ɓoye don Sallah, ya ce ɗinkinsa na farko na wanda ya mayar da shi kan keke ne.

Mutanen gida suka ce gajiyar kwanciya ce, don tsabar ƙauna suka hana shi ko ɗaukar buta. Yayarsa Tabawa ce ta lura silifas ɗinsa na dama yana zamewa bai sani ba. Ta mintsine shi a bayan ƙafa, bai ji ba. Ta ce, "Tashi, Barau, wannan ba gajiya ba ce." Ta tasa shi gaba har wurin likitan gashin ƙashi. Aka ce jijiya ce ta taɓu a wajen bututun, da ya ƙara wata biyu a kwance da idon sawun ya sandare.

Likita ya zana takalmin da zai tallafe ƙafar, amma babu irinsa a garin. Jatau baduku, maƙwabcin shagon Barau, ya karɓi takardar yana juya ta sama da ƙasa. Sau huɗu yana ɗinkawa yana farkewa. Na biyar, fata da robar tayar keke, likita da kansa ya duba ya ce ya yi.

To, ga takalmi, amma Barau ya taɓa faɗuwa gaban jama'a, kunya ta kulle shi a ɗaki. Gambo, abokin dararsa, ɗan tsokana na gaske, ya haƙa gurbin dara a ƙofar gida yana ɗaga murya: "Dama tsorona kake ji, ka fake da ƙafa." Barau ya fito a fusace. Kullum sai Gambo ya matsar da gurbin taku goma. Bayan wata uku sai ga dara a bakin shago.

Ranar da keken ɗinkin nan ya yi ƙara, wallahi har ni sai da na share hawaye. Yanzu almakashi yana hannun Barau, shaddar ta mutum ɗaya ce. Su ukun, Tabawa da Jatau da Gambo, suna zaune kan benci, kowa na cewa ba don ita ya yi ba, amma ba wanda ya tashi.

To, ku faɗa mini, wa Barau zai yanka wa shaddar nan?